Sallama da Ikko

Takardar ta iso hannuna mako guda bayan Babbar Sallar 2025, ko soyayyen naman layya bai ƙare a gida ba. Kamfanin da nake wa aiki a Apapa, masu fito wa 'yan kasuwa da kaya daga tashar jiragen ruwa, ya buɗe reshe a Abijan, ana neman wanda ya san aikin kuma yake jin Faransanci. Kaf ofishin ni kaɗai na yi lakwal, wato bokon Faransanci, don haka ba a wani ja zancen ba. Aka ce in kama aiki farkon Satumba. Na ƙirga da yatsu, kwana kusan tamanin. Na ce a raina ai lokacin ma ya yi yawa, mutum nawa gare ni a garin nan da zan sallama?

Ni mutumin Maraɗi ne. Na shigo Legas a 2011 da jaka ɗaya da niyyar shekara biyu, in haɗa jari in koma. A Agege Mushe ake ce mini, wato malam da Faransanci, a ofis kuwa na fara da "aboki", daga baya aka ɗaga ni zuwa Alhaji, alhali ko filin jirgin alhazai ban taɓa takawa ba. Na yi aure a nan, muka haifi uku, amma bakina bai daina cewa "idan na koma gida" ba. Shekara 14 ban sayi kujerar kirki ba, wai ni baƙo raɓa ne.

Da na gaya wa uwargida, ba ta tambayi albashi ko gida ba. Cewa ta yi, "Wa ka faɗa wa kafin ni?" Na ce babu kowa. Ta ce, "To kada ka kuskura Baba ya ji a bakin wani." Ta fi ni sanin unguwarsu. Magana a Agege ta fi sabon jirgin ƙasan da ke zuwa Oyingbo sauri.

Bayan Isha na tafi. Surukina ɗan goro ne, uban da ya haife shi ma goro ne ya kawo shi daga Kano ta layin dogo, shi kuwa a Agege aka yanke masa cibiya, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. Na same shi a zaure tsakanin huhunan goro, na durƙusa, muka gaisa, na dinga kewaye-kewaye har na iso kan maganar. Ya ce, "Da ita za ka tafi?" Na ce, "Idan ka amince, Baba." Ya ce, "Ni tun 2015 na ba ka ita. Yanzu iznin me kake nema?" Sai ya yi shiru mai tsawo, yana juya wani farin goro a hannu. Can ya tambaya ko akwai makarantar allo a inda za mu. Na ce akwai Hausawa da yawa a Abijan, ba za a rasa ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Daga nan ne na samu bakin gaya wa sauran jama'a.

Maganar takardu ba ta ba ni wahalar da na zata ba. Nijar ta fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da barin mutane su yi zirga-zirga kamar da. Yaran fasfon Najeriya aka yi musu ta wajen uwarsu. Muka je aka yi allurar shawara aka ba mu katin nan ruwan ɗorawa, don Kwadebuwa ba a shiga sai da shi. Na karɓo takardun makarantar yara. Shi ke nan.

Abin da ya cinye mini makonni shi ne wani littafin rubutu na 'yan firamare da ke ƙarƙashin katifata.

Tun wajen 2013 yaran wajenmu suka fara kawo mini ajiya: masu tura kurar ruwa, masu gadi, masu gyaran takalmi, 'yan acaɓa. Banki na neman takardun da ba su da su, kuma wanda ke kwana a barandar shago ba ya riƙe kuɗi a jikinsa. Sai su ce bari mu kai wa Mushe, shi mai aikin ofis ne. In rubuta suna da ƙauye da kwanan wata da adadi, in shafa wa mutum tawadar biro a babban yatsa ya dangwala. Idan zai tafi gida in ba shi abinsa, ko in raka shi wurin masu canji ya mayar sefa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abu ba. Ranar da na buɗe littafin don in rufe shi na tarar da suna 23 da ba a soke ba.

Kuma lokacin bai yi mini daɗi ba. Yuni ne, damina ta sauka a arewa, ɗan cirani kuwa da ruwan farko yake komawa gona. Goma sha huɗu na samu a gari, na kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa na ƙirga masa a gaban shaida. Wasu har ɓata rai suka yi. Wani dattijo mai gadi ya ce, "Yanzu Mushe ina kake so in kai su?" Ban da amsa. Ƙarshe wani Alhaji mai shagon hatsi ya yarda ya gaji littafin ga masu so. Takwas na bi su ta waya, wani sai an hau tudu a ƙauyensu kafin a same shi, na tura musu ta hannun direbobi da masu canjin da muka daɗe muna hulɗa.

Saura ɗaya. Wani yaro daga wani ƙauye a ƙasar Tasawa, ɗan acaɓa. Ya ajiye naira 84,000 a Mayun 2022. Ranar 1 ga Yunin wannan shekarar gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa, aka shiga kama babura ana niƙewa. An ce nasa na ciki. Daga nan ba wanda ya sake ganinsa. Wani ya ce Ibadan ya tafi, wani ya ce ya ji an ce Aljeriya. Lambar da ya ba ni ta daɗe da mutuwa.

Na kai maganar gaban limamin masallacinmu. Damuwata ita ce kuɗin ba su ne kuɗin da ba. Lokacin da ya ba ni, dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 kuwa ta haye 1,500. Malam ya ce, "Ajiya ce. Abin da aka ba ka shi za ka mayar, in dai ba ka taɓa ba." Nan na sunkuyar da kai. Farkon 2023, da aka sauya fasalin naira aka sa wa tsofaffin takardu wa'adi, na kwashi duk ajiyar mutane na zuba a asusuna don kada su mutu a hannuna. Suka cakuɗe da nawa. Kuma ba zan yi ƙarya ba, akwai watan da kuɗin makarantar yara ya fita daga ciki kafin albashi ya shigo in mayar. Malam ya ce, "To ka ga ta tashi daga ajiya, ta zama bashi a wuyanka. Shi ma adadinsa za ka biya. Sai dai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce mafi alherinku shi ne wanda ya fi kyautata biya." Na cika su 150,000, na sa a ambulan, na yage shafin da yatsan yaron yake na haɗa ciki. Malam ya karɓa a gaban mutum biyu.

Adashe kuma na riga na kwasa tun Maris, saura zubi huɗu a kaina. Uwar adashen ba ta ce komai ba, amma gaisuwarta ta canza tun ranar da ta ji labarin tafiyar. Ban ga laifinta ba, ta sha ganin wanda ya kwasa ya shiga motar dare. Na haɗa zubin huɗu na kai mata gaba ɗaya, gaisuwa ta dawo daidai.

Wajen kayan gida ne muka ɗan taɓa da uwargida. Ni na zauna da biro ina sa wa komai farashi, har na iso kan gado da kabad. Ta ce, "Maigida, wannan fa ubana ya saya mini." Gaskiyarta, kayan ɗaki na mace ne, ni janareta da firji da fanka biyu kaɗai na mallaka a gidan nan. Ta so a loda komai a mota. Na ce mata daga Legas zuwa Abijan tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, iyaka huɗu za a tsallake, Seme da Hilakonji da Aflawo da Elubo, kuma fito da kaya sana'ata ce, na san kafin gadon nan ya isa an biya kuɗinsa sau biyu. Kwana uku ba ta sake tayar da zancen ba. A na huɗu ta kira ƙannenta ta raba musu, ta ware kwanukan da mahaifiyarta ta ba ta da tabarmar sallah da turmi ƙarami. Turmin nan sai da ya shiga jirgi. Janareta kuwa na sa hotonsa a WhatsApp, duk wanda ya zo taya ya san tafiya zan yi, haka na sallama shi a wulaƙance.

Mai gidan da muke haya wata Alhaja ce Bayarabiya, Iya muke ce mata. Shekara goma muna tare. Ita ta yi wa ɗanmu na fari wankan farko, kuma lokacin kullen korona a 2020 da haya ta ƙare albashi ya tsaya, ta ce kada in ƙara yi mata maganar kuɗi sai gari ya buɗe. Ɗanta ne dai ya zo da takarda ya zaftare kuɗin ajiyar da na bayar tun shigowa, wai fenti, wai ƙofar banɗaki. Na so in yi magana, na tuna 2020, na haɗiye. Ranar da na kai mata makulli ta dafa kan yaran ɗaya bayan ɗaya ta yi ta addu'a da Yarbanci, uwargida na amsawa tana share hawaye, ni ina amin a inda na ji an tsaya. Ta ce mana "odabo". A harshensu ma'anarsa sai an dawo.

Sallamar ofis kuwa awa ɗaya aka yi. Wata Juma'a da la'asar aka tura tebura gefe, aka kawo jalof da kaji da lemo da kek mai sunana. Oga ya yi jawabi, ya ce ni ginshiƙi ne, aka tafa. Aka ba ni agogon bango da kati wanda kowa ya sa hannu. Kowa na cewa kada a yar da zumunci. Litinin da safe na duba waya na ga an cire ni daga zauren WhatsApp na ma'aikata. Ban ce munafunci ba ne, haka tsarin wurin yake, kujera ba ta zama babu kowa. Kafin nan ma sai da na zagaya da wata takarda sashe bakwai suka sa hannu cewa ba na riƙe da kayan kamfani, aka tsare mini kuɗin ƙarshe mako biyu saboda cajar kwamfuta da ta ɓace tun ban san yaushe ba.

Abin da ban zata ba daga sashen kuɗi ya fito. Akwai wata mata 'yar ƙabilar Ibo da muka shekara goma muna faɗa a kan rasit. Ko naira 200 na kashe a tasha sai ta ce ina shaida. Bayan an watse ta biyo ni matattakala da leda, atamfa ce turmi guda, ta ce in kai wa matata. Ta ce a duk masu kawo mata lissafi ni kaɗai ne ba ta taɓa kamawa da ƙari ba, shi ya sa take matsa mini, tana jiran ranar. Muka yi dariya, sai kuma na ga idonta ya kawo ruwa. Ni da na ɗauka ba ta ƙaunar ganina.

Akwai sallamar da na yi ta ɗagawa har saura kwana goma. Ina da aboki Bakatsine, tela, wanda muka fi shekara goma muna shan shayi a teburi ɗaya kusa da gadar Pen Cinema. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wa Nijar wuta, ana ta maganar ECOWAS za ta tura soja. Mahaifiyata na Maraɗi cikin duhu, kayan abinci sun tashi, raina a ɓace yake. Gardama ta yi zafi a majalisa wani dare, ya ce idan sojojinmu na Nijar sun fi ai ga hanya nan, me nake yi a ƙasar mutane. Ni kuma na mayar masa da wadda ta fi ta muni, ba zan maimaita ta a nan ba. An buɗe iyaka a Maris ɗin 2024, gwamnatoci sun sassauta, mu ba mu sassauta ba. Shekara biyu sai dai sallama a ƙofar masallaci, kowa na kallon takalminsa.

Na rasa ta inda zan shiga, sai na sayi shadda yadi biyar na tafi shagonsa kamar mai kawo ɗinki. Ya karɓa bai dube ni ba, ya ɗauko tef ya fara awo. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya zagayo ciki ya ce, "Ka yi tumbi, Mushe." Na ce, "Tafiya zan yi. Na zo ka yafe mini." Ya ce, "Na ji. Tun watan jiya nake jira in ga ko za ka wuce ba ka zo ba." Ya rubuta awon a bango da alli, sannan ya ce, "Ni na fara." Na ce ai ni na ƙarasa. Ya ce, "To Allah ya yafe mana. Dama ku mutanen Maraɗi gudu halinku ne, tun da kakanninku suka gudu suka bar mana Katsina." Na ce mu ne dai muka tafi da sarautar ta asali, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa na Maraɗi. Ya aika yaro ya karɓo shayi. Kwana huɗu ya gama ɗinkin, har da aiki a wuya, ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba. Ita na sa ranar tafiya.

Juma'ar ƙarshe mata suka yi tasu walimar a gidan surukaina, waina da miyar taushe da kunun gyaɗa, ni dai ƙarar kuka da dariya kawai nake jiyowa daga zaure. Tamu bayan Magariba ce. Malam ya ce jama'a a ɗan dakata, Mushe na da magana. Na miƙe, duk abin da na shirya ya gudu. Na ce shekara 14 ina cikinku, zama kuwa ba ya rasa saɓani, duk wanda na ɓata wa, da sanina da rashin sanina, ya yafe mini don Allah, ni na yafe wa kowa. Wanda kuma yake bi na bashi ya faɗa yanzu, ko ya same ni a gida kafin Talata. Masallaci ya ɗauka, "Mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sai mai shayi ya ɗaga hannu daga sahun baya ya ce, "Akwai burodi biyu da ƙwai uku tun azumi." Aka fashe da dariya har da Malam. Na laluba aljihu, ya ce a'a, ya bar shi, yana son ya kasance yana bi na wani abu don in dawo.

Malam ya riƙe hannuna ya karanta addu'ar da ake yi wa matafiyi, ya fassara: na ba Allah ajiyar addininka da amanarka da ƙarshen ayyukanka. Na sha jin addu'ar nan ana yi wa wasu. Da ya zo kan amana sai na ji gwiwata ta yi sanyi.

Talata da asuba telan nan ya zo da motar ƙaninsa. Daga Agege zuwa filin jirgin Murtala Muhammad ba nisa idan an riga cunkoso fita. Muka biya gidan Baba. Ya ce ba zai raka mu ba, shi ba ya son tsayuwar filin jirgi. Ya sa wa 'yarsa albarka a taƙaice, ya ja kunnen babban yaron kan karatu, sannan ya miƙo mini ɗan ƙunshin goro a ganye. Ya ce, "Na san goro za ka kai garin goro. Akwai wani gari Anyama kusa da Abijan, can ne matattararsa, mutanenmu na nan. Ka je ka ce kai surukin wane ne na Agege, ka ba su wannan su ɗanɗana namu." Ya juya ya shige ciki tun ba mu tayar da mota ba.

Tafiyar da ta ci mini wata biyu da rabi ana shiri, a sama ba ta kai awa biyu ba. Muka sauka na mayar da agogo baya da awa ɗaya. Sefa ta dawo aljihuna, irin wadda na taso da ita, amma har yau idan aka faɗi farashi sai na juya shi zuwa naira kafin in san ko da tsada. Yaran suna fama da Faransanci, idan suka yi faɗa da Yarbanci suke yi. Na je Anyama a mako na uku, na sami dattawan, aka fasa goron Baba aka raba.

Duk Juma'a bayan an sauko ina kiran Malam. Mu gaisa, ya ba ni labarin wanda ya rasu da wanda aka yi wa haihuwa, mai shayi ya karɓi wayar ya tuna mini burodinsa. Kafin mu ajiye in tambayi yaron Tasawa. Makon jiya Malam ya ce wani direba ya yi alƙawarin zai tsaya a ƙauyen ya nemi mahaifiyarsa idan ya je bayan girbi. Ambulan ɗin na nan cikin akwatin littattafansa.